Ɗamarar da Ta Ɗinka wa Kanta

“Wallahi ba mai soka mata allura a baya ina raye.”

Gwaggo ce ta faɗi haka, tana tsaye a tsakiyar ɗakin masu jiran tiyata, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan yana nuna likitan allurar barci. Ni ina gefe rungume da jakar kayan jariri. Maman Zabuwa tana zaune a bakin gado cikin rigar asibiti mai igiya a baya, cikinta ya yi gaba, idonta a ƙasa. Mijinta ya jingina da bango yana murɗa hularsa kamar mai matse wanki.

“Baba,” in ji likitan, “ba ke za a yi wa aiki ba.”

“Ni aka fara yi wa, tun kana goye. Dube ni da kyau. Tun ranar da suka soka min abin nan a gadon baya ban sake miƙewa sosai ba.”

Bari in faɗi su wane ne mutanen nan. Maman Zabuwa maƙwabciyata ce, bango ɗaya ya raba ɗakina da shagonta na ɗinki. Ni malamar firamare ce, kuma 'yarta tana ajina. Zabuwa ake ce wa yarinyar saboda bakinta ba ya hutawa, ƙafarta ma haka. Mijin mai walda ne, mutum mai shiru, in ka gaishe shi sai ya gama tunani kafin ya amsa. Gwaggo yayar mahaifin Maman Zabuwa ce. Ita ta riƙe ta tun uwarta ta rasu, ita ta ɗora ƙafarta a kan keke, ita ta koya mata yanka da awo. Da tsufa ya zo sai ta dawo gidan da zama. Ba su rasa abinci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da gidan ya rasa shi ne mutum ɗaya da zai iya ce wa Gwaggo a'a.

Bayan Zabuwa an daɗe ba a samu wani ciki ya zauna ba. Wannan ya zauna, sai dai ɗan ya kwanta a gicciye, ya ƙi juyawa, aka sa ranar aiki. Ba gaggawa ba ce. Akwai lokacin magana, kuma wannan shi ne abin da har yau yake ƙona min rai.

Likitan ya juya ga mai cikin. Dogo ne, idonsa ja, da ganinsa ka san tun safe yake tsaye. Ya yi bayani da sauri, kamar ɗalibin da ya gaji da maimaita hadda.

“Hanya biyu ce. Allurar baya tana kashe miki jiki daga ƙirji zuwa ƙasa, idonki biyu, ki ji kukan ɗanki. Ita muka fi so. Ɗayar kuma a sa ki barci gaba ɗaya, a zura miki bututu a maƙogwaro. Ta fi wahala, kuma an lura waɗanda aka sa barci ciwonsu ya fi saurin yin ruwa. Kin ji. Wacce?”

Maman Zabuwa ta ɗago kai. Muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, “Likita, in an yi min ta bayan, zan iya zama a kan keke?”

“Keke?”

“Keken ɗinki. Wuni nake a zaune.”

Ya yi wata dariya marar daɗi. “Ina maganar ranki, kina maganar keke.”

Tambayarta ke nan guda ɗaya, kuma tambaya ce mai kyau. Da bayanta take ci, da shi take sha. Ta tashi tana ganin Gwaggo a tanƙware tana ɗora wa allura laifi, ba wanda ya taɓa ce mata shekaru aru-aru a sunkuye kan keke ma suna tanƙwara mutum. A aji in yaro ya yi min tambaya irin wannan, ajiye alli nake in zauna kusa da shi.

Na ce, “Likita, don Allah ka amsa mata. Shi kaɗai take son ji.”

“Ke wace ce?”

“Maƙwabciyarta.”

“To maƙwabciya, riƙe jakarki.”

Gwaggo ta samu ƙofa. “Kin gani ko? Ya kasa amsawa. Ya san gaskiya.” Ta juya ga mijin. “Kai kuma ka tsaya kamar ƙarfen da ka manta ba ka liƙa ba. In ta nakasa, kai za ka riƙa taka mata keken?”

“Duk yadda kuka gani, Gwaggo,” in ji shi.

Maman Zabuwa ta dubi Gwaggo, ta dubi likitan, ta ce, “A sa ni barcin.”

Likitan ya rufe biro ɗinsa, ya soka a aljihu. “Shi ke nan. Jikinki ne. Amma ki ji ni da kyau. In ciwon nan ya ruɓe, kada ki kwaso shi ki dawo mana. Kada in ga ƙafarki a nan. Ki kai wa tsohuwarki ta gyara.”

Ya fita. Na ga yadda maganar ta shige ta. Mace ce da in mai kaya ya ce mata hannun riga ya karkace, ba ta barci sai ta warware ta sake. Ba ta iya ɗaukar faɗa da wasa ba.

An yi aikin, aka ciro namiji, ƙato, mai yawan gashi. Ita ba ta ji kukansa na farko ba. Ta farka tana amai, maƙogwaronta ya dishe, tana tambaya ko an fara. Gwaggo tana ta zagaye gadon tana cewa, “Kun ga? Bayanta garau.” Da aka sallame su, wata nas ta ce zaren mai narkewa ne, ba sai an dawo cirewa ba, a dai kula da tsabta. Iyakar abin da aka gaya mata ke nan. A mota Maman Zabuwa har da barkwanci. “Malama, zaren da ke narkewa! Da ni na yi wa mutane ɗinki da shi, da tuni an ƙona min shago.”

Ba a cika mako da dawowarsu ba, na dawo daga makaranta da rana na ji ƙarar keke ta bango. Ban ko cire takalmi ba na zagaya.

Shagon ɗan ƙarami ne, taga ɗaya, ƙyallaye a ƙusa, tef ɗin awo a rataye a wuyan ƙofa. Tana kan kujera a karkace, ƙafa ɗaya tana taka keken a hankali, gumi yana ɗiga daga haɓarta.

“Maman Zabuwa! Kina da hankali kuwa? Jiya-jiya aka tsaga ki.”

“Ɗan abu ne, Malama. Ba na mutane ba ne.” Ta ja wani yadi ta rufe abin da ke ƙarƙashin allurar.

“Kayan jariri? Kawo in kai wa wani tela.”

“In kai ɗinkin gidana waje? Ki rufa min asiri.” Ta yi murmushi, amma leɓenta a bushe yake.

Na taɓa goshinta, zafi rau. Gwaggo ta leƙo daga tsakar gida da jaririn a kafaɗa. “Zazzaɓin nono ne. Kowace mai jego tana yi. Ke da ba ki taɓa haihuwa ba ina za ki sani?”

Gwaggo ta san inda take soka magana. Na haɗiye. Na ce, “Ko ma mene ne, a koma asibiti a duba.”

“A koma a yi me? A ba su abin dariya?”

Maman Zabuwa ta ce, “Na sha magani, Malama. Gobe zan warware.”

Washegari na aika a tambaya, aka ce da sauƙi. Da na shiga da kaina, Gwaggo ta tare ni a ƙofar ɗaki ta ce mai jegon tana barci. Ɗakin yana ta ƙamshin turare da maganin wanke ƙasa, har yana hawa kai. Da yamma na samu mijin a bakin shagonsa, na ce ya kai matarsa a duba ta. Ya ɗaga gilashin waldarsa, ya yi tunani, ya ce, “Gwaggo ta ce ba komai.” Ya mayar da gilashin, tartsatsi ya ci gaba da tashi.

Zabuwa ce ta faɗa, ba tare da ta san ta faɗi wani abu ba. Muna darasin tufafi, kowa yana kawo sunan abin da ake sawa a jiki. Riga, wando, hula, safa. Ta ɗaga hannu tana tsalle a kan benci.

“Malama! Malama! Rigar ciki mai leda!”

Yara suka kwashe da dariya. Na ce su yi shiru. “Wace ce rigar ciki mai leda, Zabuwa?”

“Mamana ta ɗinka wa cikinta. Guda da yawa. Tana da maɓalli. In ta cire sai ta ce in fita.” Ta toshe hanci da yatsu, yara suka sake dariya.

Na bar ajin a hannun malamar da ke kusa da ni, na tafi gida da ƙafa, ina sauri kamar ana korata. Wannan karon ban yi sallama na jira ba. Gwaggo tana wanki a tsakar gida, ta miƙe tana cewa, “Ke, lafiya?” Na wuce ta na tura ƙofar ɗakin.

Maman Zabuwa tana kwance a gefe ɗaya, tana rawar sanyi cikin bargo da tsakar rana. Fuskarta ta faɗa, idanun sun shige. Jaririn yana gefenta yana tsotsar hannu.

“Nuna min.”

“Malama...”

“Nuna min cikin nan, ko in ɗaga da kaina.”

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta janye bargon, ta ɗaga riga.

Ban taɓa ganin ɗinki mai kyau irin wannan ba, kuma ina roƙon Allah kada in sake gani. Ɗamara ce mai faɗi, ta auna ta daidai ƙugunta. Waje yadi ne mai ƙananan furanni, an kalmashe bakinsa tsaf. Ciki ta jera auduga ta ɗinke ta layi-layi. Tsakanin yadin da audugar ta sa leda mai kauri, irin wadda take sa wa katifar jarirai don kada fitsari ya ratsa. Maɓallai a jere a gefe, kowanne da ramin da aka yi wa baki da hannu. Ta yi ta yadda ko ɗigo ba zai fito ya taɓa zane ba, ko iska ba za ta shiga ba. A ƙarƙashin gado na hango wasu irinta a cikin bokiti mai murfi.

Ta ɓalle maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Warin ya taso ya danne turaren. Audugar ta jiƙe sharkaf da mugunya. Bakin ciwon ya buɗe a gefe ɗaya, fatar kewaye ta kumbura ta yi ja, daga ƙasa kuma ta fara yin baƙi.

Ni mutum ce da ba na ɗaga murya, yara ma sun sani. Ranar nan har maƙwabta sun ji ni.

“Me kika yi wa kanki? Ciwo ne wannan ko katifa? Tun yaushe?”

“Tun da muka dawo ya fara ɗan ruwa. Na ce kada ya ɓata min zane a gani.”

“A gani! Wa zai gani? In an gani sai me?”

Hawaye ya gangaro mata ta gefen ido zuwa kunne. “Likitan ya ce kada in dawo, Malama. Kina wurin. Ya ce kada ya ga ƙafata. Ni na zaɓa. Da wane ido zan kalle shi?”

“Da idon da Allah ya ba ki! Asibitin na ubansa ne?”

Gwaggo ta shigo tana share hannu a zane. Ta kalli cikin, ta kau da kai da sauri. Ta san da shi. A fuskarta na gani.

“Ruwan ciwo ne,” in ji ta. “Yana fita ne, shi ne warkewar.”

“Gwaggo, dubi baƙin nan. Dube shi! Wannan ne warkewa?”

“Kada ki yi min tsawa a gidan 'yata.”

“'Yarki tana ruɓewa a kwance, ke kina fesa turare!”

“So kike mu koma su ce tsohuwa ta kashe ta? Su tara nas-nas su nuna ni da baki? Na riƙe yarinyar nan tun ba ta san hannun damanta ba. Ni zan cuce ta?” Muryarta ta karye a ƙarshe, ta dafe ƙofa.

A lokacin ban ji tausayinta ba. Na ce, “Ba wanda ya damu da abin da za a ce miki. Matsa min.”

Na fita titi ba ko mayafin kirki, na nufi shagon walda. Yana durƙushe yana haɗa ƙofar ƙarfe. Na finciko wayar injin daga bango. Wutar ta mutu, ya ɗago a firgice.

“Malama, lafiya?”

“Yaushe rabonka da ganin cikin matarka?”

Ya sunkuyar da kai. “Ai Gwaggo ce ke...”

“Gwaggo ce ta aure ta? Kai da ke ɗaki ɗaya da ita, hancinka ma Gwaggo ka ba ajiya? Tashi ka gani da idonka. In ka gani ka dawo ka ci gaba da waldar, in za ka iya.”

Ya tashi ya bi ni. Da ya shiga ya gani, wani sauti ya fito masa daga ƙirji, kamar an taka shi. Ya naɗe matarsa cikin bargon, ya ɗauke ta cak. Gwaggo ta tsaya a ƙofa, ta buɗe baki.

“Gwaggo,” in ji shi, “ba ni hanya.”

Ta ba shi. Tunda nake da su ban taɓa jin ya faɗa mata magana irin wannan ba, kuma da ya faɗa, ba abin da ya faru. Sama ba ta faɗo ba. Matsawa kawai ta yi. Wannan ma ya ƙara min haushi.

A motar haya kan Maman Zabuwa yana kan cinyata. Duk ramin da muka faɗa sai ta cije leɓe. Ta ce, “Malama, in ya fara faɗa, ki tsaya kusa da ni.”

“In ya fara faɗa, ni zai samu.”

A asibiti nas ɗin da ta karɓe mu ta ɗaga bargon, ta ja da baya. “Sai yanzu? Ku mutanen nan sai abu ya lalace ku kwaso mana. Wa ya naɗe ta da leda?”

Na ce, “'Yar'uwa, faɗa ne ya hana ta zuwa. Kada ki ƙara mata wani. Kira likita.”

Ta dube ni, ta tafi da gudu. Aka sa mata ƙarin ruwa, aka ɗebi jini, aka yi ta allurai. Wata likita mace, ƙarama, ta zo ta duba, ta kira mu gefe. Ta ce ƙwayoyin cuta sun ci naman, sun shiga jini, dole a koma tiyata a yanke wanda ya mutu. Mijin ya tambaya ko barcin da aka sa ta ne ya jawo.

“Ba zan ce shi ne ba,” in ji ta. “Ciwo yana iya yin ruwa ko da wacce aka yi. Wannan ba abin mamaki ba ne a wurinmu, kullum muna gani, muna wankewa, mu ba da magani, mace ta tafi gida. Da ta zo tun yana ɗan ruwa...” Ba ta ƙarasa ba.

Kafin a shiga da ita, likitan allurar barci ya zo. Shi ne dai, dogon nan. Maman Zabuwa ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni. Ya duba idonta, ya auna numfashinta, ya ce da murya mai taushi, “Sannu, baiwar Allah. Za mu sa ki barci kaɗan, kin ji? Kada ki ji tsoro.”

Ta ce, “Ka yi haƙuri, likita. Na dawo.”

“Kin dawo? Dā ma nan kika haihu?”

Bai gane ta ba. Na bi shi har baranda.

“Likita, ba ka tuna ta ba? Mai tambayar keken ɗinki. Wadda ka ce kada ka ga ƙafarta a nan in ciwon ya ruɓe.”

Ya ɗan yi tunani, ya shafa ido. “Wataƙila. Haka nake ce musu duka. Don su ji tsoro su zaɓi wadda ta fi. Ai ba wanda ke ɗaukar wannan da gaske.”

“Ita ta ɗauka.”

“To ai ba ni na ce ta...”

“Kai ka ce. Ina tsaye, jaka a hannuna. Ta yi maka tambaya ɗaya, ka yi mata dariya. Ka faɗi magana ka wuce ka manta, ita ta tafi da ita gida ta kwanta a kai. Ni yara nake koyarwa. Na san abin da tsoro ke koya wa mutum. Ɓoyewa yake koya masa, ba ya koya masa komai bayan wannan.”

Aka kira shi daga ciki, ya tafi. Har yau ban san amsar da zai ba ni ba, kuma ban damu in sani ba.

Ta fito daga tiyatar da rai. Washegari da hantsi ta farfaɗo sosai, har muka yi zaton an tsallake. An bar ciwon a buɗe, an lulluɓe shi da bandeji mai sauƙi. Ta sa na ɗaga mata kai ta leƙa.

“Dubi aiki don Allah,” in ji ta, muryar da ƙyar take fita. “Ko kalmasa babu. Da yarinyar shago ce ta yi min wannan, da ta koma share ƙasa.”

Na yi dariya, hawaye yana zuba.

“Malama.”

“Na'am.”

“Kada ki riƙe Gwaggo a rai. Tsoro ne ya yi mata yawa.”

Na gyara mata bargo.

“Kin ji?”

“Na ji ki,” na ce. Ban ce na yarda ba, ita ma ta lura, ta ɗan murmusa.

Ta tambayi jaririn, aka ce yana gida, ƙanwar mijin ta zo tana ba shi madara. Ta tambayi Zabuwa, ta ce a tabbata an yi mata kitso, kanta ya tsufa. Daga nan ta yi barci. Da rana ta take, numfashinta ya canza, fitsari ya tsaya, aka ja labule aka fitar da mu. Kafin la'asar likitar nan ƙarama ta fito, ta cire safar hannu, ta tsaya gaban mijin. Bai jira ta yi magana ba. Ya zame jikin bango ya zauna a ƙasa.

Gidan ya cika da masu ta'aziyya. Ina zaune cikin mata ina jin abin da ake faɗa. Wata ta ce ai tiyata ba ta da tabbas. Wata ta ce kwana ne ya ƙare. Wata ta sunkuyo ta ce wa ta kusa da ita, “An ce allurar da suka yi mata ce ba ta karɓe ta ba. Ni dai ko a mafarki ba mai taɓa min baya.” Wata mai ciki tana gefe tana gyaɗa kai.

Na san kwana yana ƙarewa, ban musa ba. Amma na juya na ce, “Ba a taɓa mata baya ba. Ciwonta ne ya yi ruwa, ta ji tsoron komawa, ta rufe shi da leda. Ke mai ciki, ki ji da kunnenki. In naki ya yi ko ɗigo ɗaya, ki koma, ko da zagi za su tarbe ki.”

Wata dattijuwa ta ce, “Malama, ba yau ba.”

“Yau ɗin,” na ce. “Jiya ma an ce ba yau ba.”

Gwaggo tana lungu, ta ƙara tanƙwarewa, jaririn a cinyarta. Ba ta ɗago ba. Tun daga ranar ba ta sake faɗa min magana mai zafi ba, ni ma ban faɗa mata mai sanyi ba. Muna gaisawa. Ina ƙoƙari, saboda an roƙe ni, amma abin bai sauka ba tukuna.

Zabuwa ta dawo makaranta bayan an watse daga zaman makoki. Ba ta tsalle a benci yanzu, ba ta ɗaga hannu. Ba wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayani. An ce mata Mama ta tafi, ta yi haƙuri, ta riƙa yi mata addu'a.

Wata rana a lokacin tara ta faɗi a filin wasa, gwiwarta ta ɗaye. Ba ta yi kuka ba. Ta taho ofis da ɗingishi, ta ɗage siket, ta miƙo min ƙafar.

“Malama, kalli. Ciwo ne. Yanzu na ji shi.”

“Na gani. Kin kyauta da kika zo.”

Na zaunar da ita a benci, na wanke wurin da ruwa da sabulu, na shafa magani. Ta cije baki ba ta motsa ba. Da na ɗauko filasta na fara ɓarewa, sai ta riƙe min hannu da hannayenta biyu.

“Kada ki rufe.”

“Ƙura za ta shiga, Zabuwa. Wannan ba irin...”

“Kada ki rufe, Malama.”

Na mayar da filastar cikin akwati. Aka buga ƙararrawa, yara suka koma aji, ita tana zaune a bencin, ƙafar a miƙe, tana kore ƙuda da murfin littafi, idonta a kan gwiwar. Abin da ta gane ke nan: an rufe ciwon uwarta, uwarta ta mutu.